Darasi na Tara: Cire Manhajar da Ta Ƙwace Burauzar Kwamfuta

Burauza ita ce manhajar da muke buɗewa idan za mu shiga intanet, kuma waɗanda aka fi samu a kwamfutocinmu su ne Chrome da Firefox da Edge. Kowacce daga cikinsu tana karɓar wasu ƙananan manhajoji da ake liƙa mata domin su ƙara mata aiki, kamar mai fassara shafi ko mai toshe talla. Yawancin waɗannan ƙare-ƙare masu amfani ne, amma akwai wasu da ke shiga ba tare da mai kwamfuta ya nema ba, su sauya shafin farko, su sauya wurin bincike, su riƙa kai mutum inda bai yi niyya ba. Irin waɗannan ne muke nufi da masu ƙwace burauza, kuma wannan darasi zai koya muku yadda za ku cire su da hannunku.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Kun saba ganin Google idan kun buɗe burauza, sai wata rana ku tarar da wani shafin bincike mai baƙon suna. Ko kuma ku rubuta abin da kuke nema, adireshin ya yi tsalle sau biyu ko uku kafin sakamako ya fito, sakamakon kuma duk talla ne. Wani lokaci shafuka kan buɗe da kansu suna nuna caca, ko hotunan da ba su dace ba, ko saƙon da ke cewa kwamfutarku ta kamu da cuta ku danna nan. Sau da yawa kwamfutar kan yi nauyi, datar da kuka saya ta mako ta ƙare cikin kwana biyu.

Matsalar tsohuwa ce. Waɗanda suka daɗe suna aiki a shagunan intanet na Garwa da Marwa da Ngaundere za su tuna sunaye irin su Babylon da Conduit da Delta Search, waɗanda suka cika saman burauza da layuka a shekarun baya. A 2017 kamfanin tsaron kwamfuta na Check Point ya ba da rahoton wata manhaja mai suna Fireball, wadda ya ce ta shiga kwamfutoci kimanin miliyan 250 a duniya, aikinta kuma shi ne sauya shafin bincike. Dalilin masu yin wannan aiki kuɗi ne kawai, domin ana biyansu a kan kowane talla da aka nuna muku da kowane dannawa da kuka yi. Abin da ya fi damuna a lamarin ba tallar ba ce. Ƙarin da aka ba wa izinin karanta dukan shafuka yana iya ganin abin da kuke rubutawa, har da kalmar sirrin imel da ta Facebook, shi ya sa bai kamata a bar shi da sunan cewa ai kwamfutar tana aiki ba.

Ta ina suke shiga?

Babbar ƙofa ita ce manhajar kyauta. Mutum ya sauke abin kallon bidiyo ko abin haɗa takardun PDF daga wani shafi, ya riƙa danna “Suivant” ba tare da ya karanta ba, alhali a ɗaya daga cikin waɗannan matakai akwai ɗan akwati da aka riga aka sa wa alama, wanda ke cewa ya yarda a ƙara masa wata manhaja. Ƙofa ta biyu ita ce manhajojin sata da ake kwafa daga filasha zuwa filasha, abin da ya yawaita a wurinmu saboda kwamfutoci da dama ana sayensu ne na hannu, a kai wa mai gyara ya zuba musu duk abin da ke cikin filasharsa. Ta uku ita ce maɓallin ƙarya, wato babban koren maɓalli mai rubutun “Télécharger” wanda talla ne, na gaskiyar kuwa ƙarami ne yana can gefe.

Kafin ku fara

Ku tabbatar batirin ya cika, domin wani sashe na aikin yana iya wuce awa guda, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana mayar da mutum farko. Ku kwafe muhimman takardunku a filasha mai tsabta. Ku kuma rubuta a takarda sunan baƙon shafin da ke fitowa, harafi bayan harafi, saboda za ku neme shi a wurare da dama. Da yake mafi yawan kwamfutocinmu da Faransanci suke, sunayen maɓallai da za ku gani a nan na Faransanci ne; mai kwamfutar Ingilishi zai same su a wuri ɗaya.

A fara da Windows, ba da burauza ba

Nan ne mutane da yawa ke kuskure, kuma nan nake so ku fi mayar da hankali. Wanda ya ga ƙarin a cikin Chrome yakan goge shi nan take, ya ji daɗi, washegari ya tarar ya dawo. Dalili shi ne sau da yawa akwai uwar manhajar da ke zaune a cikin Windows, aikinta kullum ta duba, in ta ga an cire ƙarin ta mayar da shi. Kamar kaska ce a jikin saniya: in an tsinke jikin an bar kan a cikin fata, ciwon bai tafi ba.

Saboda haka ku rufe burauza tukuna. Ku danna maɓallin Windows tare da harafin R, wani ɗan akwati zai fito, ku rubuta appwiz.cpl a ciki ku danna “OK”. Jerin dukan manhajojin da ke kwamfutar zai bayyana. Ku danna kan “Installé le” da ke saman jerin domin ya tsara su bisa ranar da aka sa su, sannan ku duba waɗanda suka shiga a ranar da matsalar ta fara ko kusa da ita. Duk wadda ke ɗauke da sunan da kuka rubuta a takarda, ko wadda kuka tabbatar ba ku kuka sa ta ba kuma ta shigo rana ɗaya da manhajar kyautar da kuka sauke, ku zaɓe ta ku danna “Désinstaller”. Ku karanta abin da ta tambaye ku a lokacin fita, domin wasu kan yi tambaya a murɗe yadda amsar “Oui” za ta zama kun yarda ta zauna.

A nan akwai buƙatar hattara. Kada ku cire abin da sunansa ya fara da Microsoft, ko Intel, ko Realtek, ko sunan kamfanin da ya ƙera kwamfutar kamar HP da Dell da Lenovo, domin da yawansu su ne ke sa sauti da allo da intanet su yi aiki. Idan kun yi shakka a kan wani suna, ku bar shi, ku bincika shi a wayarku ko ku tambayi malaminku.

Yanzu a shiga burauza

Ku buɗe Chrome, ku danna layin adireshi na sama, ku rubuta chrome://extensions ku danna “Entrée”. A allon rubutu na Faransanci, ɗigo biyu da karkataccen layi suna kan maɓalli ɗaya. Ɗigo biyu na fitowa kai tsaye, layin kuma sai an haɗa da “Maj”, wato maɓallin da ake riƙewa domin rubuta babban harafi. Za ku ga kowane ƙari a cikin akwatinsa. Wanda ba ku sani ba, ku danna “Détails” ku ga izinin da yake da shi, in kuwa an rubuta cewa yana iya karantawa da sauya bayananku a dukan shafuka alhali ba ku san amfaninsa ba, ku danna “Supprimer”. Kashe shi da ɗan maɓallin shuɗi bai isa ba, a cire shi gaba ɗaya. Ra'ayina shi ne mai koyo ya cire duk ƙarin da ba ya amfani da shi kullum, tunda mai kyau ana iya sake sa shi cikin minti ɗaya. A Edge adireshin shi ne edge://extensions, a Firefox kuma about:addons, aikin duk iri ɗaya ne. Ku duba kowace burauza da ke kwamfutar, har wadda ba ku buɗewa.

Cire ƙarin ba ya mayar da saitin da ya ɓata. A Chrome, ku danna ɗigo uku da ke kusurwar sama ta dama, ku shiga “Paramètres”. A ƙarƙashin “Moteur de recherche” ku zaɓi wurin binciken da kuke so, ku goge baƙon suna daga jerin. A ƙarƙashin “Au démarrage” ku cire duk adireshin da ba ku kuka sa ba. Daga nan ku shiga “Confidentialité et sécurité”, sai “Paramètres des sites”, sai “Notifications”, ku duba shafukan da aka ba izinin aiko muku da saƙo. Waɗannan saƙonni da ke leƙowa daga kusurwar ƙasa ta allo suna cewa an gano cuta, yawanci daga nan suke, kuma sun samu izini ne ranar da wani ya danna “Autoriser” domin a bar shi ya kalli bidiyo. Ku toshe duk wanda ba ku sani ba.

Hanya mafi sauƙi ga wanda matakan suka yi wa yawa ita ce “Réinitialiser les paramètres”, wadda ke cikin “Paramètres” ɗin. Tana mayar da shafin farko da wurin bincike yadda suke tun asali, tana kashe dukan ƙare-ƙare, amma ba ta goge shafukan da kuka adana ko kalmomin sirrin da burauza ta riƙe muku. Sai dai za ta fitar da ku daga shafukan da kuke ciki, don haka ku tabbatar kun san kalmomin sirrinku kafin ku danna. A Firefox ana rubuta about:support a danna “Réparer Firefox”.

Idan har yanzu yana dawowa

Wuri na farko da za ku duba shi ne hoton burauzar da kuke dannawa a fuskar kwamfuta. Ku ɗora linzami a kansa ku danna ɓangaren dama, ku zaɓi “Propriétés”, ku kalli layin “Cible”. Ya kamata rubutun ya ƙare da chrome.exe da alamar rufe zance. Idan akwai adireshin wani shafi a bayan wannan, shi ne ke buɗe muku baƙon shafi a kowace safiya. Ku goge adireshin kaɗai, ku bar sauran, ku danna “OK”.

Na biyu, idan kun shiga Chrome da asusun Google kuma kuna amfani da asusun a wata kwamfutar, ƙarin yana iya biyo asusun ya dawo daga can. Ku tsabtace waccan ita ma.

Na uku ya fi wuya. Idan maɓallin “Supprimer” ya ɓace, kuma a ƙasan jerin ɗigo uku kun ga an rubuta “Géré par votre organisation”, to an kafa wa burauzar doka daga cikin Windows. A kwamfutar ofis ko ta makaranta wannan daidai ne, ma'aikatar ce ta sa, kada ku taɓa. A kwamfutarku ta gida kuwa, wadda babu wata ma'aikata a kanta, sau da yawa alama ce cewa manhajar ta kulle kanta. Gyaran yana buƙatar shiga rumbun saitin Windows, inda kuskure ɗaya ke iya hana kwamfuta tashi, saboda haka ban ba mai koyo shawarar ya shiga shi kaɗai ba. Ku gwada matakin da ke biye, in bai yi ba ku kai wa mai gyara, ku nuna masa wannan rubutu da yatsa. Ku kuma gaya masa abin da kuke so shi ne a cire dokar, domin wasu masu gyara da sun ji matsala sai su ce a goge kwamfutar gaba ɗaya, ku biya dubban sefa, ku rasa hotuna da takardu a kan abin da bai kai haka ba.

Bincike na ƙarshe

Windows 10 da 11 suna da mai gadi na kyauta a cikinsu. Ku buɗe “Sécurité Windows”, ku shiga “Protection contre les virus et menaces”, ku zaɓi “Options d'analyse” sannan “Analyse complète”, ku bar shi ya gama ko da ya daɗe. Akwai kuma AdwCleaner, ƙaramar manhajar kyauta ta kamfanin Malwarebytes wadda aka yi musamman domin irin wannan datti, ba ta cin data da yawa kuma ba sai an girka ta ba. Ku rubuta malwarebytes.com da kanku a layin adireshi, kada ku neme ta ta wurin binciken da aka ƙwace, domin yana iya kai ku ga ta jabu. Kada kuma ku biya kuɗi ta Orange Money ko MTN MoMo ga wani saƙo da ya fito a allo yana cewa zai wanke muku kwamfuta, kada ku kira lambar da ya nuna.

Masu Windows 7 su sani cewa Microsoft ya daina aiko mata da gyaran tsaro tun Janairun 2020, Chrome kuma ya tsaya a kanta a sigar 109 tun farkon 2023. Yawancin matakan da ke sama za su yi aiki a kanta, amma ƙofofinta a buɗe suke, kuma bai dace a riƙa shiga asusun kuɗi da ita ba.

Bayan kun sake kunna kwamfutar kun ga shafin farko ya dawo daidai, ku sauya kalmomin sirrinku, ku fara da ta imel domin ta nan ake maido da sauran. Kada ku sauya su kafin tsabtacewa, tunda ƙarin zai ga sababbin kamar yadda ya ga tsofaffin.

Aikin aji

Ku zauna bibbiyu a gaban kwamfuta ɗaya. Ɗaya ya buɗe jerin manhajojin Windows ya tsara su bisa rana, ɗayan ya rubuta sunaye biyar na baya-bayan nan a littafinsa. Sannan ku sauya wuri, na biyun ya buɗe shafin ƙare-ƙaren burauza, ya karanta wa abokinsa izinin kowane ɗaya da babbar murya. Kada ku goge komai a kwamfutar aji sai malami ya duba jerin da kuka rubuta. Wanda yake da kwamfuta a gida ya yi irin wannan jeri nata, ya kawo shi darasi na gaba.