Kurakuran da Sababbin Maharba Ke Yi Wajen Zaɓen Harsashin Harbin Dabbobin Ƙarfe

Duk saurayin da ya fara sha'awar wasan harbin dabbobin ƙarfe cikin 'yan'uwanmu na Jidda, Makka ko Riyad, tambayarsa ta farko guda ce: wane harsashi ne ya fi ƙarfi? Na gaji da jin ta. Daga wannan tambayar ake fara ɓata riyal, a ɓata kafaɗa, bayan wata uku a jingine bindiga a ce wasan ba daɗi.

Ga wanda bai san wasan ba, asalinsa daga Meksiko ne. Da can dabbobi masu rai ake ɗaurewa a harba, sai a 1948 aka yi gasar farko da siffofin ƙarfe a birnin Meksiko, Amurkawa kuma suka tsara masa dokoki a farkon shekarun 1970. Siffofi huɗu ne da aka yanka daga farantin ƙarfe: kaza a mita 200, aladen daji a mita 300, talotalo a mita 385, rago a mita 500. A tsaye ake harbi, babu jingina, babu abin ɗora bindiga. Ana jera su biyar-biyar, kana da minti biyu da rabi ka harbi biyar daga hagu zuwa dama, kowace harbi ɗaya. Gasar da aka saba harbi 40 ce, goma ga kowace dabba. Kuma maki ba ya shiga sai dabbar ta faɗi. Ko duk filin ya ji ƙarar ka same ta, in ta tsaya a kan ƙafarta, sifili ne.

Wannan sharaɗin na faɗuwa shi ke ruɗar sabon shiga. Ya ji an ce ragon ya haura kilo 20, yana can nisan rabin kilomita, sai ya ruga neman magnum, wato harsashi mai albarushi da yawa, ko ya sayi bindiga mai cin harsashin .308 ya cika shi da kan harsashi mafi nauyi da ya samu. Ya manta rago goma ne kacal cikin 40. Sauran 30 ɗin duk harsashin da doka ta yarda da shi, wato mai kaurin kai daga milimita 6 zuwa sama, zai kayar da su in ya same su. Matsalar samun ce. Kuma babu abin da ke hana mutum samu irin shurin bindiga.

Ka tsaya a bayan irin wannan saurayin ka kalle shi. Harbi goma na farko lafiya lau. Daga na goma sha biyar sai ka ga idonsa na ƙyaftawa kafin bindiga ta tashi, kafaɗarsa na turowa gaba don ta tari duka, ɗan yatsansa ya daina matsa kunama a hankali, fizgarta yake. Bakin bindiga ya sunkuya, harsashi ya tayar da ƙura a gaban talotalo. Shi kuwa sai ya juya ya fara murɗa madubin saiti, yana zargin iska, yana zargin kamfanin da ya yi harsashin. Jikinsa ne ya koyi tsoro, kuma jiki in ya koyi wannan tsoron, sai an yi watanni ana fama kafin ya bari. Wannan ita ce asarar da ta fi ta kuɗi ciwo, kuma ita ce dalilin da nake ɗaga murya a kan wannan batu. Dokar wasan ma ba ta ba ka damar ɓuya a bayan nauyin bindiga ba: iyakarta da madubinta kilo 4.6 ne, ajin bindigar farauta kuma bai kai haka ba. Ba za ka ƙara mata ƙarfe don ta shanye shurin ba, kafaɗarka ce za ta shanye. Ga shi kuma filaye da yawa ba sa ma yarda da magnum, don yana lotsa ƙarfen yana huda shi, siffar da ta lotse kuwa tana maido da ɓarɓashin harsashi inda ba a zata ba.

In kana musun kana da wannan cutar, gwajin mai sauƙi ne. Ka ba abokinka ya ɗura maka bindiga kana juya baya, wani lokaci ya sa harsashi na gaske, wani lokaci ya sa na atisaye marar albarushi. Ranar da ka ja kunama a kan na wofin ka ga bakin bindiga ya yi ƙasa da kansa, ka ga amsarka.

Ni dai abin da nake ɗora sabon shiga a kai shi ne dangin milimita 6.5: 6.5 Creedmoor da ya fito a 2007, ko .260 Remington, ko tsohon 6.5x55 na Suwidin da ya haura shekara ɗari yana aiki. A bindiga mai nauyi ɗaya, shurin 6.5 da kai mai giren 140 (giren shi ne ma'aunin nauyin kan harsashi) ya gaza na .308 mai giren 168 da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A takarda ba ya da yawa, amma a harbi na 35 kafaɗa ta san bambancin. Wanda ya fi son ya tabbatar da rago, 7mm-08 yana nan, shi ma maharban wannan wasa sun daɗe da riƙe shi tun kafin kamfanin Remington ya fitar da shi kasuwa a 1980. Ban ce .308 ba ya ci ba, ya ci gasa da yawa, kuma shi ya fi sauƙin samu a shago. Cewa na yi kada ya zama abin da za ka fara koyon tsayuwa da shi.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma shi ma yana ƙona mini rai. Saurayi ya ji wa'azin shuri, sai ya tsallaka can ƙarshe ya ɗauki .243 da kai mara nauyi, giren 70 ko 80, saboda ya karanta a jikin kwali cewa gudunsa ya haura mita 1,000 a daƙiƙa. Haba malam! Gudun da ke jikin kwali a bakin bindiga aka auna shi, rago kuwa yana mita 500. Kai mara nauyi yana zubar da gudunsa a hanya, kuma yawancin irin waɗannan an yi su ne da siririyar rigar ƙarfe a waje don su tarwatse da zarar sun taɓa abu. Ya isa ƙarfe ya watse kamar an jefa ƙwai a bango. Za ka ji "tan", ka ga tabo a fenti, rago ya ɗan girgiza ya koma ya zauna.

Abin da ke ture rago nauyin kai ne a ninka da gudun da ya rage masa lokacin da ya iso, da kuma ɗan lokacin da ya yi yana turawa kafin ya farfashe. Giren ɗaya bai kai kashi bakwai cikin ɗari na giram ba, don haka giren 140 kusan giram 9 ke nan. Kan 6.5 irin wannan yana barin bututu da gudun wajen mita 820 a daƙiƙa, ya isa rago da wajen 600. Kan .243 mai giren 80 kuwa giram 5 ne da ɗoriya, ko ya iso da irin wannan gudun, turinsa bai kai kashi biyu cikin uku na wancan ba. Shi ya sa na ce ga rago kada ka sauko ƙasa da giren 139 zuwa 142 a 6.5, ko 150 zuwa 168 a milimita 7. Mai .243 da ya nace, sai ya nemi giren 105 zuwa 107, ya kuma sani cewa duk da haka ragon da aka samu a ƙasan ciki zai iya ƙin faɗuwa. Dukan da ya sauka a gadon baya ko wajen ƙaho shi ya fi saurin kifar da shi.

A nan ne kuma ake faɗawa wani ramin. Cikin bututun bindiga akwai murɗaɗɗun layuka da ke juya kan harsashi don ya tafi a miƙe, kuma dogon kai yana buƙatar murɗi mai sauri. Giren 140 a 6.5 yana son juyi ɗaya a cikin inci 8. Haka ma giren 107 a .243, alhali bindigogin .243 da yawa na farauta juyi ɗaya a inci 10 aka yi musu. Ka sa dogon kai a irin wannan, ka harbi takarda a mita 100, za ka ga hujin ba zagayayye ba ne, ya yi tsawo kamar ramin makulli, alamar kan yana tafiya yana tangaɗi. Ka san murɗin bututunka kafin ka biya kuɗin kwali. In ba a rubuta ba, ka sa tsinken goge bututu da ƙyalle mai ɗan matsi, ka yi masa alama, ka tura shi har ya juya sau ɗaya cur, ka auna tsawon da ya shiga.

Akwai masu raba harsashi gida biyu, mara nauyi ga kaza da alade da talotalo, mai nauyi ga rago. Dabara ce mai kyau ga wanda ya goge. Ga sabon shiga ban yarda da ita ba, don saiti huɗu ma bai gama haddacewa ba, balle a ƙara masa kwali biyu da zai iya cakuɗawa. Daga saitin kaza zuwa na rago kan harsashi yana sauka kusan mita ɗaya da rabi. Ka rubuta saitin kowace dabba a takarda ka manna a gindin bindiga.

Sai abin da ƙasar nan ta ƙara mana, wanda littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba: zafi. Mutum ya bar kwalin harsashi a bayan mota a watan Yuli a Riyad, rana ta kai digiri 45, cikin motar kuma ya wuce haka nesa, ya fito da shi yana ƙona hannu ya ɗura. Wannan ganganci ne. Albarushi mai zafi yana ci da sauri, matsin da ke cikin bututu ya ƙaru, harbi ya riƙa hawa sama da inda aka yi saiti da sanyin asuba. In ka ji sakatar bindiga ta yi tauri wajen buɗewa, ko ka ga ƙwayar tartsatsin da ke gindin kwanso ta baje ta yi fale-fale, ka dakata nan take, kada ka ce bari in ƙarasa biyar ɗin. Al'adata ita ce harsashi ya zauna cikin ƙaramar kula marar ƙanƙara, a inuwa, a fito da biyar-biyar. Kuma kada ka bar harsashi ya daɗe cikin bututun da ya yi zafi kana jiran iska ta lafa, dafa shi kake yi. Tudu ma yana da nasa: Jidda a bakin teku take, Riyad ta kai wajen mita 600, Ɗa'if kusan 1,800. Inda iska ta fi sirantaka kan harsashi ba ya sauka sosai, don haka saitin ragon da ka yi a Jidda zai hau sama a Ɗa'if. Kawalwalniyar azahar kuma tana ɗaga siffar a ido, kada ka ɗora wa harsashi laifinta.

Wanda filin da yake zuwa bai wuce mita 100 ba, kada ya ga kamar an rage masa wani abu. Akwai ajin ƙaramar bindiga .22, siffofin kashi ɗaya cikin biyar na manya, a mita 40, 60, 77 da 100, kuma can ne ya kamata kowa ya fara. Kuskuren da ake yi a nan shi ne sayen mai saurin gudu. Ka nemi mai matsakaicin gudu, giren 40, wajen mita 320 zuwa 330 a daƙiƙa, wanda bai kai gudun sauti ba. Mai saurin yana fita sama da gudun sauti ya faɗo ƙasa da shi a tsakiyar hanya, iska kuma ta fi kaɗa shi. Ka sayi kwali ɗaya-ɗaya na iri uku ko huɗu, na kamfanoni irin su Eley, SK, Lapua ko CCI, ka gwada a mita 100 bindiga na kan jakar yashi, wanda ya fi tara harbi wuri ɗaya ka koma ka saya da yawa masu lambar rukuni ɗaya. Shi ma ka kiyaye shi daga rana, don kakin da ke jikin dalmarsa narkewa yake.

Sauran ƙanana ne. Harsashi mai zuciyar ƙarfe haram ne a kan waɗannan siffofi, ka kara masa maganaɗisu in kana shakka. Kada ka canza kamfani ranar gasa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka zaɓi harsashin da sai an yi wata da watanni ana nema, in shagon da ke da lasisi a garinku ba ya kawo shi kai a kai, ka haƙura da shi komai kyansa. Ka tuna .243 yana cinye bututu da wuri fiye da .308, ka sa wannan a lissafin kuɗinka. Tabarau na kariya da abin toshe kunne ba a tattaunawa a kansu.

Batun takarda kuwa, 'yan'uwa, ba wasa. Bindiga da harsashi a Saudiyya sai da lasisin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ko kai ɗan ƙasa ne ko mai iƙama ka tambayi abin da doka ta ba ka kafin ka taɓa komai. Mai harbi da bindigar kulob ya yi amfani da harsashin da suka ba shi a wurin, kafin ya fita kuma ya zazzage aljihun jallabiyarsa da jakarsa, kada guda ɗaya ya bi shi mota.