Kurakuran da ɗaliban waje suka fi yi lokacin sanin makamar aiki a kamfanonin Japan

Tun da aka sanar da shirin ABE na horar da matasan Afirka kan harkokin kasuwanci a taron TICAD, wato taron Japan kan ci gaban Afirka, karo na biyar da aka yi a Yokohama a 2013, matasan Afirka da dama sun samu damar yin digiri na biyu a jami'o'in Japan tare da zaman sanin makamar aiki a kamfanonin ƙasar, ƙarƙashin kulawar JICA, hukumar haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa ta Japan. Ban da su akwai masu tallafin karatu na gwamnatin Japan da kuma masu ɗaukar nauyin kansu. Galibinsu suna isa ofis da iliminsu cikakke, sai dai ɗabi'un wurin aiki kan yi musu tarnaƙi, domin ma'aikatan na ɗauka cewa kowa ya san su, babu mai zaunar da baƙo ya karanta masa.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne yin shiru a kan aiki. A ce shugaban sashe ya ba ɗalibi aikin tattara bayanan wata kasuwa ranar Litinin, ya ce yana so ranar Juma'a. Ɗalibin ya duƙufa, ranar Laraba ya lura cewa alƙaluman takardu biyu sun saɓa wa juna, amma da ya ɗaga kai ya ga shugaban yana fama da waya da kwamfuta, sai ya ji nauyin damunsa, ya zaɓi ɗaya daga cikin alƙaluman ya ci gaba. Ranar Juma'a ya miƙa aiki mai tsafta, yana jiran yabo, shi kuwa shugaban abin da ya fara tambaya shi ne me ya sa bai ji komai daga gare shi ba tsawon kwana huɗu. Wanda ya taso a gidan da ake koya wa yaro kada ya cika tambayar babba zai ga shirun nan ladabi ne, alhali a ofishin Japan ana ɗaukarsa ɓoye matsala.

Japanawa suna da suna ga abin da ake bukata a nan, wato horenso, wanda aka harhaɗa daga farkon kalmomi uku: hokoku, kai rahoto ga wanda ya ba da aiki, renraku, sanar da duk wanda abin ya shafa, da sodan, neman shawara kafin yanke hukunci. Furucin kalmar ya yi daidai da sunan wani ganyen miya dangin alayyafo a harshensu, shi ya sa take da sauƙin riƙewa. Gyaran kuskuren shi ne ɗalibi ya riƙe ƙaramin littafi da biro duk lokacin da ake ba shi umarni, ya maimaita abin da ya fahimta a nan take, ya tambayi ranar da ake son aikin, sannan ya nuna daftari tun aikin bai yi nisa ba. Mummunan labari shi ake fara kaiwa, kuma a fara da sakamakon kafin a zo ga bayani. A ganina, ɗalibin da ya iya wannan kaɗai za a yafe masa tuntuɓen harshe masu yawa.

Daga nan sai yadda ake karɓar gyara. Idan an yi kuskure, mutum yakan so ya fara jero dalilai don a san ba da gangan ya yi ba, amma kunnen Bajapane na jin haka a matsayin iiwake, wato kame-kame. Abin da ake so shi ne a fara da ban haƙuri, a ce moshiwake arimasen, a faɗi abin da ya faru a taƙaice, a kuma faɗi matakin da za a ɗauka don kada ya sake faruwa.

Akwai kuma kuskuren ɗaukar magana a kan fuskarta. Kalmar hai sau da yawa tana nufin ina jin ka, ba lallai ba ne ta zama na yarda. Idan ɗalibi ya kawo shawara aka ja numfashi aka ce chotto muzukashii desu ne, wato da ɗan wuya, to a'a aka ce masa cikin sakaya, kuma nacewa a gaban jama'a zai kunyata mai maganar ne kawai. Haka nan ba a jefa sabon tunani a tsakiyar taro a sa ran a karɓa. Ana bin mutane ɗaya bayan ɗaya tun kafin zaman, a ji ra'ayinsu, a gyara inda suka nuna, abin da suke kira nemawashi, kalmar da aka aro daga masu lambu da ke haƙe gefen saiwar itace su shirya ta kafin a cire ta a dasa a wani wuri.

Maganar lokaci gajera ce. Ƙarfe tara na nufin mutum yana kan kujerarsa saura minti biyar ko goma. Idan jirgin ƙasa ya makara, a sanar da ofis kafin lokacin ya cika, a kuma karɓi takardar shaidar jinkiri da kamfanin jirgin ke bayarwa.

Gaisuwa ma tana da tarkonta. Otsukaresama desu ake ce wa abokan aiki da manya, wato sannu da aiki, amma gokurosama daga babba take sauka zuwa ga na ƙasa, don haka ɗalibi ba ya faɗa wa shugabansa ita. Mai tashi kafin sauran yakan ce osaki ni shitsurei shimasu, wato a gafarce ni zan riga ku tashi, ba ya sulalewa. In ana magana da baƙo daga wani kamfani, mutum na ambaton sunan shugabansa ba tare da kalmar girmamawa ta san da ake liƙa wa suna ba, ko da kuwa harshe zai yi nauyin hakan. Katin suna da hannu biyu ake karɓa, a karanta shi, a ajiye shi a kan tebur har a tashi, ba a rubutu a kansa ko a cusa shi a aljihun wando. A ɗakin taro kuwa, kujerar da ta fi nisa da ƙofa ta babba ce ko baƙo, ɗalibi kusa da ƙofa yake zama.

Ɗalibi Musulmi kan yi wani kuskuren na dabam, wato ya ƙi faɗin bukatunsa don gudun a ga ya cika fitina, sai ya riƙa ɓacewa lokacin azahar ba bayani, ko ya ƙi zuwa kowace liyafar bayan aiki da suke kira nomikai. Abokan aikin ba su san dalili ba, sai su fassara shi da ƙin shiga mutane. Kamata ya yi tun kafin ranar farko ya gaya wa mai kula da shi cewa yana bukatar 'yan mintoci da ɗan wuri mai tsabta don salla, ya kuma tsara yadda zai rama lokacin da zai fita Juma'a. Idan ya ga zai halarci liyafar, shayin ulon abin sha ne da kowa ya saba gani a hannun marasa shan giya, amma ya sanar da mai shirya taron tun da wuri cewa ba ya cin naman alade, ya kuma tambaya game da mirin, wanda ke da giya a cikinsa kuma ake zubawa a miya da romo da yawa.

Saura batun doka, wanda wasu ke mantawa da shi saboda ɗokin samun gurbi. Takardar zaman ɗalibi ba ta ba shi ikon aikin kuɗi ba sai ya nemi izini na musamman daga hukumar shige da fice, kuma izinin da aka saba bayarwa ya tsaya a awa 28 a mako, sai lokacin dogon hutun makaranta da ake yarda da awa 8 a rana. Wanda za a biya a zaman horonsa ya kai takardar kamfanin ofishin ɗaliban waje na jami'arsa a duba kafin ya sa hannu, domin ƙetare wannan iyaka na iya sa a ƙi sabunta masa izinin zama.