Tsohuwar motar iyali: zafi ne ajalinta

Na gaji da amsa waya iri ɗaya. Mutum zai sayi tsohuwar motar iyali mai kujera bakwai wadda ta ci kilomita 250,000, bayan wata huɗu ya kira ni murya a sanyaye, wai inji ya buga ko giya ta daina shiga. In ka bi diddigi, kusan kullum zafi ne. Motar nan gangar jikinta kaɗai nauyi ce, ga mutum bakwai, ga kaya har rufi, alhali injin da giyar da ke jan ta galibi irin na motar da ba ta kai ta girma ba ne.

Ni ma jiki magayi. A shekarata ta farko da tawa, muna hawan wani dogon tudu da iyali, sai allurar zafi ta ɗan gota tsakiya. Na gan ta sarai. Na ce a raina saura kilomita goma, bari in lallaɓa. Kafin mu ƙarasa wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika motar, tururi na tsartuwa ta gefen bonet. Washegari da aka buɗe murfin baƙin mai, wata kumfa mai kauri ce manne a cikinsa, alamar ruwa ya haɗu da mai. Gaskit ya ƙone, kan silinda na alminiyom ya karkace. Mako uku tana gareji. Duk wannan kuwa wani tiyo ne ya jawo, wanda ke kai ruwa hitar baya ta ƙarƙashin mota, inda ba wanda ke leƙawa. Da na tsaya a gefen titi na kashe inji a lokacin da allurar ta motsa, da tiyo kawai zan saya.

Ranar da na je ɗaukar ta, bakaniken ya gaya min cikin alfahari cewa ya cire tamostat don kada ta sake zafi. A nan na tsaya sai da ya mayar. Don Allah ku daina yarda da wannan ɓarnar! An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma tamostat ce ke kai shi can da wuri. In babu ita, inji ya daɗe a sanyi, kwamfutar mota ta yi ta zuba fetur fiye da kima, fetur ɗin ya wanke man da ke bangon silinda. Ka ƙara kashe kuɗin mai, inji na lalacewa a hankali, ainihin abin da ya kawo zafin kuma yana nan daram. Haka masu ɗura ruwan famfo a lagireto: tsatsa kuke shukawa. Ni ruwan sanyaya inji na kwalba nake sawa, in sauya shi duk shekara biyu, in haɗa da sabon murfin lagireto, domin murfin da ya saki yana sa ruwa ya tafasa da wuri.

Sai giya. Akwai wata magana da ke yawo cewa ba a taɓa man giyar tsohuwar mota, wai da ka canza ta mutu. Waɗanda ta mutu a hannunsu sun bari ne sai da ta fara zamewa sannan suka tuna da mai, ihu bayan hari. Zaro sandar gwaji ka goga a farar takarda. Ja ne ko ja-ja, alhamdu lillahi. In ya yi baƙi yana ƙauri, ka fara tanadi. Ɗabi'ata ita ce in kwance ƙusar ƙasa, abin da ya zubo, wajen lita 3 zuwa 4, in mayar da daidai shi, duk kilomita 40,000. Ba na barin a tura mai da na'ura a tsohuwar giya. Wasu na yi kuma ba su ga komai ba, ni dai ban yarda ba. Kuma man giya ba ɗaya ba ne. Honda na son DW-1, Chrysler da Dodge ATF+4, Toyota kuwa T-IV ko WS gwargwadon shekarar motar. Duk wanda ya ce maka ja ja ne, karɓi makullinka.

Taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da fistan a cikin inji, ba ya sallama kafin ya tsinke. Sienna har zuwa ta 2006 bel gare ta, ana canzawa wajen kilomita 145,000. Daga 2007 aka koma sarƙa. Honda Odyssey mai V6, wato inji mai silinda shida, ma bel ce, kuma a injinta in ya tsinke fistan ne ke dukan bawul. In mai sayarwa ba shi da takardar shaidar canji, ɗauka ba a canza ba, ka sa famfon ruwa sabo tunda an riga an buɗe wurin. Ka kuma duba ko agogon motar mil yake ƙirgawa, kamar yawancin waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka: mil 200,000 ya haura kilomita 320,000.

Filogi shida ne a V6, amma uku na baya a ɓoye suke, a wasu injinan sai an ɗaga manifol, don haka ka tsaya a kai ka ga an fito da shida. Ƙofar zamiya in ta fara nauyi, wanke layinta ka shafa giris, kada ka bar yara su yi ta fizga har wayar ta tsinke. Lambobi huɗu na ƙarshe na jerin DOT a gefen taya mako ne da shekarar da aka ƙera ta, 2318 na nufin mako na 23 na 2018, wato ta tsufa komai kyan zanenta. Wutar inji in ta kama a dashbod, a sa na'ura a karanta, a daina liƙa mata salatif. Safaya kuma, in taka a ƙarƙashin mota take rataye, sauke ta sau ɗaya a shekara. Tawa na taɓa samun ta ba iska, ƙugiyar ta yi tsatsa, da ƙarfe goma na dare.