Yadda ake haɗa jam ɗin marakuja, da dalilin da ya sa ba a zubar da ɓawonsa

Ƙanwar maigidana ce ta fara kawo mana marakuja daga Jos, cike da leda. 'Yan dunƙule-dunƙule ne kamar ƙwan kaza, launinsu shunayya mai duhu, duk fatarsu ta yanƙwane. Ina gani na ce ai sun lalace a hanya, ashe lokacin ne ma suka nuna. Masu sayarwa da sunan Turanci suke kiransa, fashon furut, amma ni na fi son marakuja, sunan da mutanen Barazil suka san shi da shi, don ya fi zama a bakin Bahaushe. Can ne ma asalinsa, kudancin Barazil da Faragwai da arewacin Ajantina, kuma har yau Barazil ce kan gaba wajen nomansa. Tsiro ne mai yaɗo, yana hawa danga ko rumfa kamar yadda soso yake yi.

Idan ba ki taɓa cinsa ba, kada ki fara da tukunya. Ki raba guda ɗaya biyu da wuƙa mai kaifi, ki sa ƙaramin cokali ki kwaso cikin ki ɗanɗana. Za ki tarar da ruwa mai launin ɗorawa, yana ɗan yauƙi, lulluɓe da ƙananan 'ya'ya baƙaƙe, kuma da 'ya'yan ake ci. Tsaminsa ya kusa na tsamiya, ƙamshinsa kuwa tsakanin gwaba da mangwaro, yana cika ɗaki. Wannan ɗanɗanon ne zai gaya miki yawan sukarin da za ki buƙata.

Iri biyu ne. Mai launin shunayya ƙarami ne, ya fi zaƙi, yana son wuri mai tudu da sanyi. Mai ruwan ɗorawa ya fi girma da tsami, ya fi jure zafi. Don jam, ni mai shunayya nake saya, ba na canzawa, saboda ɓawonsa yana ba jam ɗin wani ja mai kyau ba tare da an zuba kala ba. Ki zaɓi wanda ya ɗan yanƙwane amma yana da nauyi a hannu. Wanda kika ji shi fayau, cikinsa ya bushe. Kore shar kuwa a bar shi, ba a cin ɗanyensa.

Abin da za ki tanada: marakuja guda 24, farin sukari, lemon tsami 2, da tukunya mai faɗi. Tukunyar ta zama ta silba mai kauri, kada ki taɓa ta dalma, don tsami yana cin dalma ya bar ɗanɗanon ƙarfe a baki. Na san guda 24 ba ƙaramin kuɗi ba ne idan a babban kanti za ki saya. In aljihu bai kai ba, ki sayi 12 ki cike gurbin da markaɗaɗɗiyar gwanda wadda ba ta nuna luguf ba. Gwanda ba ta da ƙarfin ƙamshi, don haka marakujan ne zai fito, baƙo ba zai gane an haɗa ba.

Ki wanke su tas tun kafin ki yanka, tunda ɓawon ma tukunya zai shiga. Ki raba kowanne biyu, ki kwashe cikin a kwano, ki rufe. Zai ba ki kusan kofi 2. Ki zuba rabinsa a rariya ki murza da bayan cokali, ruwan ya sauka, ki zubar da 'ya'yan da suka rage. Sauran rabin ki bar shi da 'ya'yansa, su ne adon jam ɗin. Kada ki sa 'ya'yan a blanda. Na ga masu yi don sauri, sai jam ya fito kamar an watsa masa yashi, kuma ba abin da zai gyara shi.

Yanzu mun zo wurin da kusan kowa yake faɗuwa, ni ma a nan na faɗi.

Karon farko da na yi, na kwashe cikin, na tattara ɓawon na zuba a shara, na ɗora ruwan da sukari a wuta. Ya tafasa, ya tafasa, ya ƙi kauri. Na ƙara sukari, shiru. Na bar shi ya yi ta dahuwa fiye da awa guda, har launin ya koma na madi, ƙamshin nan da ya cika min gida ya gudu. Da ya huce sai ya daskare kamar alewa, cokali ma ba ya shiga. Na ji zafin asarar, domin tsaraba ce daga nesa. Daga baya na ga maƙwabtana biyu sun yi irin wannan kuskuren, ɗaya nata ya tsaya tsululu kamar ruwan zuma, ɗayar nata ya ƙone.

Dalilin shi ne, abin da yake sa jam ya kama jikinsa wani sinadari ne da ake kira fektin, wanda yake haɗuwa da sukari da tsami ya yi kauri. Ruwan marakuja yana da tsami isasshe amma fektin ɗinsa kaɗan ne. Fektin ɗin yana cikin farin naman nan da yake manne a cikin ɓawo. Wato duk wadda ta zubar da ɓawo, ta zubar da kaurin jam ɗinta ne, komai daɗewar da za ta yi tana juyawa.

To ga yadda ake fito da shi. Ɓawon ya zama ɓari 48 ke nan. Ki ɗebi 24 ki zuba a tukunya, ki zuba ruwa ya sha kansu, ki rufe, ki bar su su dahu a matsakaiciyar wuta minti 30 zuwa 40. Ragowar ɓawon kada ki zubar tukuna, ki ajiye har ki ga yadda aikin ya ƙare. Agogo jagora ne kawai, idonki ne alƙali: farin naman zai kumbura, ya daina fari, ya koma kamar haske yana ratsa shi, ya sha launin ja. Ki ciro ɗaya ki danna da cokali. Idan ya lotsa kamar dafaffiyar kabewa, ya yi. Idan da sauran tauri ki mayar, ki ƙara masa minti 10. Gaggawa a nan ita ce take jawo 'yan ƙulle-ƙulle masu tauri a cikin jam, domin da zarar sukari ya taɓa ɓawon da bai dahu ba, ya daina laushi ke nan har abada. Shi ya sa ba a zuba ko ƙwayar sukari a wannan matakin.

Ki tsame su su sha iska. Ki riƙe kowane ɓari a tafin hannu, ki sa cokali ki kankaro naman. Zai rabu da wata siririyar fata ta waje mai kama da takarda, ita ce kaɗai abin zubarwa. Ki kula sosai kada ta bi naman, don ba ta narkewa, tana maƙale wa mutum a haƙori. Aikin yana cin lokaci, yana kuma ɓata yatsu, amma shi ne jam ɗin. Naman da kika tara ki markaɗa shi a blanda da kofi 1 na jan ruwan da kika dafa ɓawon, har ya yi sumul. In babu wuta, ki murza shi a rariya, sai dai hannu zai gaji.

Idan mai ruwan ɗorawa kika samu, akwai bambanci ɗaya da bai kamata ki manta ba: farin namansa yana da ɗaci. Ki tafasa ɓawon minti 10 ki zubar da ruwan, ki sake sabo, ki maimaita, sannan ki dafa shi ya yi laushi. Ki ɗanɗana kafin ki markaɗa, kuma da sabon ruwa za ki markaɗa shi. Shi ba ya buƙatar lemon tsami, nasa tsamin ya ishe shi.

Sai awo. Ki ware kamar kashi ɗaya cikin uku na cikin marakujan ki ajiye gefe. Sauran ki haɗa da markaɗen ɓawon da ruwan lemon tsamin. Ki auna duka da kofi, har da wanda kika ware, duk kofi 4 ki ba shi kofi 3 na sukari. Kada ki yi ƙasa da haka don tsoron zaƙi ko tsadar sukari. Sukarin ne yake hana shi lalacewa, musamman a zafi irin namu, kuma tsamin marakuja yana danne shi.

Ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa da cokalin katako har ki daina jin ƙurus-ƙurus a ƙasan tukunya. Sai ki ƙara wuta sosai, ya yi tafasar da juyawa ba ta kwantar da ita. Dahuwar jam gajeriya ce mai ƙarfi, minti 15 zuwa 20 ta isa. Ki tsaya a kansa, markaɗen ɓawon yana da saurin kama ƙasan tukunya, kuma yana fantsama, ki sa riga mai dogon hannu, yara su matsa. Idan gawayi kike amfani da shi, ki tabbatar ya ruru kafin ki ɗora. Idan ya rage minti 5 kafin ki sauke, sai ki juye wanda kika ware. Wannan ne yake riƙe ƙamshin ɗanye, ni ba na yarda a zuba duka tun farko.

Gwaji kuma a sauke tukunya ake yinsa, don kada ya wuce kina jira. Ki ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi daga firij, ki ba shi minti 1, ki tura da yatsa. Idan samansa ya tattare, ya yi. Babu firij? Ki ɗiga a kofin ruwan randa. Idan ya nutse a dunƙule ya yi, idan ya watse da saura. Mai ma'aunin zafi ta nemi digiri 104 zuwa 105, amma a wuri mai tudu irin Jos, da ya kai kimanin mita 1,200, ruwa yana tafasa tun wajen digiri 96, don haka jam yana kamawa a kusa da 100. Wadda ta jira 105 a can za ta wuce gona da iri. A tukunya zai yi miki kamar ruwa-ruwa, kada ki tsorata, sai ya kwana yake nuna kaurinsa. Idan gari ya waye bai kama ba, ga ragowar ɓawon nan da kika ajiye: ki dafa ɓari 8, ki kankaro naman ki markaɗa, ki zuba, ki sake tafasawa minti 5.

Ki kwashe kumfar sama, ki bar shi ya huta minti 10 don kada 'ya'yan su taru a wuyan kwalba. Kwalaben gilashi, ko na mayonis ne, ki tafasa su da murafunsu minti 10, su bushe a kife, ki zuba jam da zafinsa, ki rufe gam. Za ki samu matsakaitan kwalabe 3 ko kusa da haka. Wadda ba a buɗe ba a ajiye ta inda rana ba ta kaiwa. Wadda aka buɗe ta shiga firij, a cinye cikin mako 3, busasshen cokali kawai ake sa mata, in kuma fumfuna ta fito a zubar da kwalbar duka. In wutarku ba ta zama, ki rarraba a ƙananan kwalabe da za a iya gamawa cikin kwana biyu zuwa uku. A burodi aka fi cinsa, amma a gidana yara sun fi son cokali ɗaya a cikin kindirmo mai sanyi.