Yadda ma'aikatan jirgin sama ke yi idan fasinja ya tsorata ya ce ya ga matsala

Mutane da yawa sun ɗauka in ka kira ma'aikaciyar jirgi ka ce mata fiffiken can yana rawa, ko kuma kana jin ƙauri, murmushi kawai za ta yi maka ta ce ka kwantar da hankalinka ta wuce abinta. A da an yi hakan sosai, kuma an yi asarar rayuka a kansa. Yanzu kam horon da ake ba su ya canza, abin da ake koya musu shi ne mai tsoro ma yana iya ganin gaskiya, don tsoron ne ma yake sa ya ƙura wa taga ido lokacin da kowa ke barci ko danna waya. Ga yadda abin yake tafiya daga lokacin da fasinja ya danna maɓallin kira har zuwa ƙarshe, in ka san shi kai ma za ka san yadda za ka faɗi taka maganar a ɗauke ta da muhimmanci.

Da farko ma'aikaciyar za ta zo kusa ta rage tsawo, ta durƙusa ko ta sunkuya daidai kujerar mutum yadda ba sai ya ɗaga murya ba. Akwai dalili biyu, na ɗaya mutum ya ji an ba shi hankali, na biyu kada na kusa da shi su ji rabin magana su ƙarasa sauran a ransu, don tsoro a cikin jirgi saurin yaɗuwa gare shi. Ma'aikaciyar da ta san aikinta ba za ta fara da "ba komai" ba tun ba ta duba ba. Za ta ce "Baba, me ka gani? Nuna min" ko "Hajiya, tun yaushe kike jin warin?" sai ta yi shiru ta bar mutum ya gama.

Sai tambayoyi, kuma nan ne ake raba tsoro da bayani. Wanda ya ce "ni dai jikina bai ba ni jirgin nan ba" daban, wanda ya ce "na ga ruwa yana zuba daga ƙarƙashin fiffike tun muna ƙasa" daban. Dukkansu za a kula da su, amma na biyun ya kawo abin da za a iya dubawa. Za ta tambaya wane gefe ne, wane launi ne hayaƙin, fari ko baƙi, wuta ce mai ci ko tartsatsi ne ya fita sau ɗaya, ƙaran yana tafe ne ko ya tsaya, warin na wayar lantarki ne ko na mai ko na abinci. Maganar gefe ɗin nan ba ƙaramar magana ba ce fa. A jirgi hagu da dama ana ƙirga su ne yadda matuƙi yake zaune yana fuskantar gaba, ita kuwa ma'aikaciya yawanci tana tsaye ne tana fuskantar fasinjoji, wato hagunta shi ne daman jirgi, shi ya sa ake koya musu su faɗi lambar kujera da harafinta, ko lambar ƙofa, don kada a samu ruɗani.

A jiragen alhazai da ke tashi daga Kano ko Sakkwato ko Yamai wannan matakin yakan yi wuya, tsofaffi da yawa ranar ce rana ta farko da suka taɓa shiga jirgi, ma'aikatan kuma wani lokaci ba sa jin Hausa, ga kuma kunya da gudun kada a ce mutum baƙauye ne. Abin da ake yi shi ne a nemo mai jin harsunan biyu ya fassara, kuma in kai ne aka nema don Allah ka faɗi abin da tsohuwar ta ce daidai, kada ka taƙaita shi da "tsoro kawai take ji".

Mataki na uku ta duba da idonta. Za ta leƙa ta tagar da fasinjan ya leƙa, ta shinshina, ta taɓa murfin ma'ajiyar kaya ta sama da bayan hannu ta ji ko da zafi, in dare ne ta haska tocila. Mafi yawan lokaci abin da za ta tarar sananne ne kuma za ta iya bayaninsa nan take. Fiffike yana lanƙwasa sama da ƙasa saboda haka aka ƙera shi, da a ce a sandare yake ne da an shiga uku. Farin abin da ke fitowa daga ramukan iska kamar hayaƙi lokacin da ake shiga jirgi a gari mai laima irin Legas, tururi ne na sanyin na'ura da ya haɗu da iska mai ɗumi, ba shi da wari kuma yana ɓacewa da kansa. Ɗan ƙaramin hujin da ke ƙasan gilashin taga da gangan aka yi shi don daidaita matsin iska tsakanin gilasan. Wani tef mai ƙyalli da akan gani a manne jikin fiffike ko murfin inji, wanda mutane ke ɗauka a hoto su watsa a Facebook wai an ɗaure jirgi da salatif, na alminiyom ne na musamman da injiniyoyi ke sawa na ɗan lokaci a wurin da bai shafi ƙarfin jirgi ba, kuma sai an rubuta shi a littafi. A jiragen Airbus A320 akwai wani ƙara da ke fitowa daga ƙarƙashin daɓe kamar haushin kare lokacin da ake tada inji ko bayan sauka, na'urar daidaita matsin man haidirolik ce, wato man da ke motsa sassan jirgi irin su tayoyi da birki. Haka nan jim kaɗan bayan tashi za ka ji ƙarar inji ta ragu har gabanka ya faɗi ka ce ya mutu, a'a, matuƙa ne suka rage wuta daga ta tashi zuwa ta hawa. Ƙaran "gum" a ƙasa kuwa tayoyi ne suka shige aka rufe musu ƙofa.

To in abin bai cikin waɗanda ta sani fa, ko tana da ko da ɗan kokwanto? Nan ne mataki na huɗu, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya: ta kai maganar gaba, ba ta yanke hukunci ita kaɗai ba. Za ta sanar da shugaban ma'aikatan cikin jirgi, ko ta ɗauki wayar da ke jikin bango ta kira ɗakin matuƙa kai tsaye. Mutane ba su cika sanin cewa daga inda matuƙa suke zaune ba sa ganin injinansu da mafi yawan fiffike a manyan jirage ba, na'urori ne ke gaya musu, fasinjan da ke kujerar taga a baya ya fi su ganin wurin.

An koyi wannan da tsada. Ranar 8 ga Janairun 1989 jirgin British Midland ƙirar Boeing 737-400 ya tashi daga Landan zuwa Belfast, injin hagu ya samu matsala, matuƙa suka yi kuskure suka kashe na dama mai lafiya. Kyaftin ya yi sanarwa cewa matsalar a injin dama take, alhali fasinjojin da ke baya suna kallon wuta na fita daga na hagu, amma maganar ba ta isa gaba ba, kowa ya ɗauka ai matuƙa sun fi shi sani. Jirgin ya faɗi a gefen babbar hanyar M1 kusa da ƙauyen Kegworth a Ingila, mutum 47 suka rasu cikin 126. Wata biyu bayan nan, 10 ga Maris 1989, a garin Dryden na Kanada, fasinjojin jirgin Air Ontario ƙirar Fokker F28 suna kallon dusar ƙanƙara na taruwa a kan fiffike kafin tashi, har wani ya yi wa ma'aikaciya magana, amma ba a isar wa matuƙa ba, jirgin ya kasa ɗagawa ya faɗa cikin itatuwa, mutum 24 suka mutu. Kafin su ma, a Afrilun 1988 a Hawaii ta Amurka, wata fasinja ta ga tsaga a jikin jirgin kamfanin Aloha lokacin da take shiga ba ta faɗa wa kowa ba, suna sama wajen ƙafa 24,000 wani ɓangare na rufin jirgin ya yaye, ma'aikaciya ɗaya ta rasa ranta, da ƙyar aka sauke jirgin. Bayan irin waɗannan ne kamfanoni suka ƙara ƙarfin horar da matuƙa da ma'aikatan ciki tare, a koya wa na ciki su yi magana ba tare da jin nauyin kyaftin ba, a koya wa kyaftin ya saurara ko da maganar daga bakin wanda bai taɓa shiga jirgi ba ta fito.

Kiran ɗakin matuƙa ma yana da ƙa'idarsa. Tun 1981 hukumar jiragen sama ta Amurka ta kafa doka cewa ƙasa da ƙafa 10,000, da lokacin tafiya a ƙasa da tashi da sauka, ba a yi wa matuƙa maganar da ba ta shafi tuƙin ba, sauran ƙasashe ma haka suke bi. Amma dokar ba ta hana maganar tsaro ba, wuta, hayaƙi, mai na zuba, ƙanƙara a fiffike, ƙara ko girgiza da ba a saba ba, duk ana kira a kansu. Kuma ba a ja magana, za ta faɗi sunanta da inda take, abin da aka gani, a wane gefe, tun yaushe, da abin da ta riga ta yi. Misali ta ce ina ƙofar baya ta hagu, fasinjan kujera 24A ya ga ruwa na zuba daga ƙarƙashin fiffiken hagu, na duba da kaina yana zuba har yanzu. Ba za ta ce "ina ga mai ne" ba sai in ta tabbata, abin da ido ya gani kawai.

Na biyar hukunci na kyaftin ne. In jirgi yana ƙasa da sauƙi, sai ya tsaya ya kira injiniya ya zo ya duba, in ta kama a koma wurin lodi, a rubuta a littafin gyaran jirgi. Akwai kundin da ya lissafa abubuwan da jirgi zai iya tashi ko da sun lalace na ɗan lokaci da waɗanda sam ba zai tashi ba sai an gyara, da shi ake aiki ba da son rai ba. Jinkirin awa ɗaya ko biyu yana ɓata wa mutane rai, wasu har su riƙa hararar wanda ya yi maganar, wallahi wannan ba daidai ba ne, kuma ma'aikatan kirki sukan kare shi, ba sa nuna wa jama'a cewa wane ne ya jawo. In a sama ake, matuƙa za su duba na'urorinsu su gwama da abin da aka faɗa musu, sannan su zaɓi ci gaba ko komawa ko sauka a fili mafi kusa.

Daga nan sai a koma wajen fasinjan, wannan matakin ne aka fi mantawa in aiki ya yi yawa amma yana da amfani ƙwarai. A ce masa an gaya wa kyaftin, ga abin da ya ce, mun gode da ka faɗa. Mutumin da aka gode wa gobe ma zai yi magana, wanda aka kunyata kuwa ko wuta ya gani zai ja bakinsa.

In kuma tsoro ne zalla, mutum yana haki, hannu na rawa, gumi na keto masa, ya ce numfashinsa na ɗaukewa, to sai a fara tabbatar da cewa ba ciwon zuciya ko asma ko faɗuwar suga ba ne, a tambaye shi ko yana da wata larura ko magani a jaka, in ana shakka a nemi likita ko nas cikin fasinjoji. In firgici ne sai ta zauna kusa da shi in da hali, ta sa shi ya ja numfashi a hankali ta hanci ya sake ta baki tare da ita, ta buɗe masa ramin iskar da ke saman kansa, ta ba shi ruwa, in mai addu'a ne ta bar shi ya yi abinsa. Wani lokaci a canza masa kujera zuwa daidai fiffike ko gaba don can girgiza ta fi sauƙi a kan wutsiya, amma ba a ajiye mai firgici a layin ƙofar gaggawa, tunda wanda ke nan shi ake sa ran zai taimaka in an shiga matsala. Suna kuma gaya masa abin da zai ji tun kafin ya ji shi, yanzu tayoyi za su fito, yanzu za a rage fitilu don ido ya saba da duhu, lokacin hunturu in hazo ya rufe Kano matuƙi na iya fasa sauka ya sake ɗagawa ko ya wuce Abuja, kuma wannan taka-tsantsan ne. In ana cikin gargada mai ƙarfi ka danna kira ba wanda ya zo, ba wulaƙanci ba ne, an umarce su su zauna su ɗaura bel ne. Jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan a Mayun 2024 ya faɗa irin wannan gargada har mutum ɗaya ya rasu da dama suka jikkata aka karkata zuwa Bangkok, tun daga nan kamfanoni suka ƙara tsanantawa.

Wanda ya dage sai ya sauka fa? In ba a rufe ƙofa ba yawanci ana barinsa, in an rufe an fara tafiya sai abin da kyaftin ya ce. Sai dai saukar mutum ɗaya aiki ne babba, dole a nemo jakarsa a cikin kayan ƙasa a fitar, a duba kujerarsa da ma'ajiyar da ya sa kaya, don ƙa'idar tsaro ba ta yarda kaya su tafi mai su ya fasa ba. Kuma duk tsoron da kake ji kada ka kuskura ka ambaci bam ko ka taɓa hannun ƙofa ko ka ture ma'aikaci, daga nan ka fita daga sahun mai tsoro ka koma mai barazana, jami'an tsaro ne za su tarbe ka a ƙasa.

Abu ɗaya da a zamanin nan fasinja ne kusan kullum yake fara ganinsa shi ne batirin waya ko fawa bank da ya ɗau zafi ya kumbura ko ya fara hayaƙi. Wannan ba a tsayawa dogon tambaya, ɗaya zai ɗauko abin kashe wuta, ɗaya ya kira matuƙa, ɗaya ya matsar da mutane, in wutar ta mutu a yi ta zuba ruwa don batirin ya huce, sannan a tsoma shi cikin wani mazubi da ruwa a sa masa ido har a sauka. In wayarka ta faɗa cikin lungun kujera kada ka motsa kujerar, ka kira su, don matse batirin ne ke tada wutar. Bayan an sauka kuma ma'aikatan za su cike rahoto a kan duk abin da ya faru, har da wanda aka duba aka ga ba komai, a tura wa sashen tsaro na kamfanin, in babba ne ya wuce hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar.