Kurakuran da ke kashe mana furen wardi a gida

Duk wanda ya sayo ros, wato wardi, wajen masu fulawa na bakin titi ta mutu masa, magana ɗaya za ka ji, wai zafin garinmu ne, sai a Jos take yi. Eh, sanyin Jos ya fi mata daɗi babu musu, amma ni ta farko da na rasa ba rana ce ta kashe ta ba, ni ne da bokitina.

Safe in zuba, yamma in zuba, ganye ya fara yin rawaya yana kakkaɓewa sai na ce ai ƙishi take ji na ƙara mata, ranar da na tuge ta na tarar saiwar ta yi baƙi ƙirin tana wari kamar kwata, ashe tukunyar ko huji ɗaya babu a gindinta. To ka huda tukunya tukuna, ka cakuɗa ƙasar da yashi da ruɓaɓɓen taki don ruwa ya riƙa wucewa, laka zalla ba ta yi. Kafin ka ba ta ruwa tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ƙyale ta sai gobe. In za ka ba ta kuma ka ba ta ta ƙoshi, a gindi, da sassafe. Masu fesa wa ganye ruwa da yamma su ke gayyato baƙin ɗigon nan da ke cinye ganye da damina, wanda ya kamu a tsinke shi a kai shara, kar a bar shi a gindin. Ruwan wanki kuwa don Allah a'a, omo guba ne a wajenta.

Sai taki. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, a bar shi ya ruɓe ya huce tukun. Takin zamani NPK 15-15-15 ma cokali ɗaya ya ishi tukunya, a barbaɗa nesa da kara bayan an jiƙa ƙasar, ba a tula mata kamar gonar masara ba.

Wasu kuma tsoron rana ya sa suna ɓoye ta a baranda, sai ta yi ta tsawo siririya babu fure ko ɗaya. Tana son rana kamar awa 6, ta safe ta fi, sai dai daga Maris zuwa Mayu a nema mata inuwa da azahar, kuma kar a jingina ta da katangar siminti da ke ɗaukar zafi.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne aski, mutane tausayinta suke ji. Fure ya bushe a bar shi yana lilo, alhali in ka yanke shi daidai saman ganyen farko mai ƙananan ganyayyaki 5 a jikinsa, a karkace, da almakashi mai kaifi, nan za ta sake tofowa ta ba ka wani. In mai aure ce ka sayo, duk reshen da ya fito daga ƙasan wurin auren cire shi tun yana ƙarami, na uwar da aka ɗaura auren a kanta ne, zai shanye abincin ya bar ka da ƙaya.

Ƙananan ƙwarin nan da ke taruwa a kan toho, daka ganyen darbejiya ka jiƙa ya kwana, ka tace ka fesa bayan la'asar, a maimaita bayan sati. Akuya kam ban san maganinta ba sai shingen waya, ƙayar ma ba ta dame ta ba, ta maƙwabcinmu ta taɓa cinye min toho 4 ina sallar azahar.