Darasi na Bakwai: Idan Murya Ta Rabu da Hoto a Bidiyon Fuskar Waya

A darasin da ya gabata mun koyi yadda ake ɗaukar abin da ke gudana a fuskar waya ko ta kwamfuta ya zama bidiyo. Yau za mu tsaya kan wata matsala da kusan duk wanda ya fara wannan aiki sai ya ci karo da ita.

Akwai wani dattijo a ajinmu na yamma a Birnin Kebbi, sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa. Ya ɗauki bidiyo na minti goma yana nuna wa 'yan ƙungiya yadda ake tura kuɗin taki ta waya, yana dannawa yana bayani. Ya kalla a wayarsa, komai lafiya lau. Sai ya kai wa ɗansa ya saka a kwamfuta don a yanke inda ya yi tari da inda akuya ta yi kuka. Washegari ya shigo aji ransa a ɓace.

"Malam, wanga abu ya ishe ni. Ina cewa a danna nan, ashe tuni an danna, har shafin ya wuce."

"Baba, tun daga farko haka yake?"

"A'a. Da farko tare suke tafiya. Can tsakiya suka fara rabuwa, kafin ƙarshe kowa ya kama gabansa."

Amsar nan tasa ita ta nuna mana ciwon. Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Bidiyo hotuna ne a jere

Abin da muke kira bidiyo hotuna ne marasa motsi da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya da sauri, har ido ya ɗauka motsi ne. Kowane hoto guda masu sana'ar suna ce masa firam. Fim ɗin silima yana tafiya da firam 24 a kowane sakan. Tsarin talabijin da muka gada a Najeriya 25 ne. Wayoyi galibi 30 suke ɗauka, wasu 60.

Kyamarar masu ɗaukar fim tana riƙe da adadi ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kamar makaɗin da ba ya sauya bugu. Wannan shi za mu kira tsayayyen gudu. Manhajar ɗaukar fuskar waya kuwa halinta daban. Ta fi kama da yaron da aka sa korar tsuntsaye a fadamar shinkafa: idan gari ya yi shiru ya zauna ya huta, idan jan-baki suka sauko ya tashi ya yi ta jifa ba ƙaƙƙautawa. Lokacin da Baba ya tsaya a shafi ɗaya yana bayani, babu abin da ke motsi, sai manhajar ta rage ɗaukar hotuna. Da ya ja shafin sama, sai ta ƙara. Wannan shi ne gudu mai canzawa.

Ba lalacewa ba ce, dabara ce. Ana yin haka don fayil ya yi sauƙi, batir kuma ya daɗe. Wani lokaci kuma dole ce ke sawa: idan waya ta ɗauki zafi, musamman a ranakun Maris da Afrilu namu, ko manhajoji da yawa suna buɗe, sai ta kasa bin gudun, ta riƙa tsallake hotuna.

To me ya sa a waya yake lafiya, a kwamfuta ya ɓaci? Kowane firam yana ɗauke da alamar lokacin da ya kamata a nuna shi. Manhajar kallo, irin su VLC, tana karanta alamar tana bi. Manhajar tace bidiyo kuwa kamar tela take da tef ɗin awo: layin aikinta a rarrabe yake gida-gida daidai wa daida, kowane gida firam guda. Idan aka kawo mata bidiyon da tazarar hotunansa ba ɗaya ba ce, wasu manhajojin sukan iya daidaitawa, wasu kuma sai su jera hotunan kawai a gidajen, su manta da alamar lokaci. Murya kuwa ba ta san an yi haka ba, tana nan tana tafiya a kan gudunta.

Mu yi lissafi, ku ɗauko alƙalami. Minti goma sakan 600 ne. Idan gudun 30 ne cif, hotuna 18,000 ke nan. A ce wayar ta ɗauki 17,700 kawai saboda wuraren da ta huta. Idan aka jera su a gudun 30, za su ƙare a sakan 590. Murya na da sakan 600, hoto na da 590. Sakan goma ke nan tsakaninsu a ƙarshe, biyar a tsakiya, a farko kuwa babu komai. Abin da Baba ya gani ke nan.

A tabbatar da ciwon kafin a sha magani

Ba duk rabuwar murya da hoto ce ke zuwa daga nan ba. Idan tazarar iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe, misali rabin sakan a ko'ina, wannan ƙaramin abu ne. Yakan faru idan an yi magana ta abin kunne na Bluetooth. Maganinsa a kama layin murya a ja shi kaɗan har ya hau daidai, shi ke nan. Amma idan tazarar tana ƙaruwa, ko tana zuwa tana komawa, jan layi ba zai yi ba. Ka gyara farko, ƙarshe ya kwance.

Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna MediaInfo, ana samunta ta kwamfuta da ta wayar Android. Ka buɗe fayil ɗin da ita, ka nemi layin da aka rubuta "Frame rate mode". Rubutun da Turanci yake, amma kalmomi biyu kawai kake buƙatar ganewa. Idan ka ga "Constant", gudun tsayayye ne. Idan ka ga "Variable", mai canzawa ne. A ƙasan wannan layi za ka ga gudu mafi ƙanƙanta da mafi girma da wayar ta yi. Idan lambobin biyu suna kusa da juna, mai yiwuwa ba za ka sha wahala ba. Idan ɗaya na ƙasa can ɗaya na sama can, kada ka fara yanka.

Wannan ita ce maganar da nake so ta zauna muku: dubawa da gyara kafin yanka ake yinsu. Ɗan Baba ya ɓata dare guda yana yanke tari da kukan akuya a kan fayil ɗin da bai daidaita ba. Da aka gyara fayil ɗin, wuraren yankan ba su ƙara faɗawa inda ya sa su ba, sai da ya sake daga farko.

Yadda ake mayar da shi tsayayye

Manhajar da muke amfani da ita a aji sunanta HandBrake. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Ka sauke ta daga shafinta na ainihi, kada ka karɓi wadda aka ce sai ka biya.

Da farko ka kai bidiyon kwamfuta ta igiyar caji ko ta katin ajiya. Idan dole ta WhatsApp za ka tura, ka tura shi a matsayin takarda, wato ta wurin da aka rubuta "Document". Idan ka tura shi yadda ake tura bidiyon biki, za a matse shi, ƙananan rubutun fuskar waya su dushe. Ka kuma ajiye na asalin a gefe, kada ka goge shi sai aiki ya kammala.

Ka buɗe HandBrake, ka jawo fayil ɗin ka saki a cikinta. Za ka ga jerin shafuka a tsakiya. Ka shiga wanda aka rubuta "Video". A nan akwai wurin da aka rubuta "Framerate (FPS)", ka zaɓi 30. Daidai ƙarƙashinsa akwai zaɓi biyu, kuma a nan ne mutane ke faɗawa rami. Manhajar takan zo da alama a kan "Peak Framerate", wanda ma'anarsa kada gudun ya wuce 30 amma yana iya yin ƙasa, wato ciwon na nan. Ka ɗauke alamar ka mayar da ita kan "Constant Framerate". Na sha ganin ɗalibi ya zaɓi 30, ya jira rabin awa, ya dawo yana cewa maganin bai yi ba, ashe wannan ɗigon ne bai taɓa ba.

A shafin nan dai akwai sandar inganci mai lamba, an rubuta RF. Lissafinta a juye yake: ƙaramar lamba ita ce hoto mai kyau da fayil mai nauyi. Tunda za a sake tace bidiyon, kuma akwai rubutun da ake so a karanta, ni nakan sa 18 ko 20.

Sai ka leƙa shafin "Dimensions". Bidiyon fuskar waya a tsaye yake, dogo siriri, kuma manhajar tana iya rage girmansa ko ta datse bakin gefe idan ta ga duhu ta ɗauka fanko ne. Ka sa "None" a wurin "Resolution Limit", ka sa "None" a wurin "Cropping". Daga nan ka ba sabon fayil suna daban a can ƙasa, misali ka ƙara kalmar gyararre a ƙarshen sunan, ka danna koren maɓallin "Start Encode".

Abin da take yi ba wani siddabaru ba ne. Inda hotuna suka yi ƙaranci tana maimaita na baya har gidajen su cika, inda suka yi yawa tana zubar da rarar. Tsawon muryar ba ya canzawa. Aikin yana ɗaukar lokaci kuma yana cin batir, tsohuwar kwamfuta tana iya yin fiye da tsawon bidiyon kansa. Don haka a fara lokacin da akwai wuta ko rana na dukan sola, domin idan kwamfuta ta mutu a tsakiya sai an sake daga farko.

Idan ta gama, ka sake buɗe sabon fayil da MediaInfo ka ga ko ya koma "Constant". Sannan a manhajar tacewa, ko Premiere Pro ce ko DaVinci Resolve ko wata, ka sa gudun layin aikinka ya zama 30 shi ma. Idan kuwa za a haɗa shi da bidiyon kyamara da aka ɗauka a 25, to tun a HandBrake ka zaɓi 25, domin su zama tsintsiya ɗaya.

Masu hannu a kwamfuta suna yin wannan duka da layi ɗaya a FFmpeg, wata manhajar sarrafa bidiyo da ake ba umarni a rubuce:

ffmpeg -i asali.mp4 -fps_mode cfr -r 30 gyararre.mp4

A tsofaffin FFmpeg ana rubuta -vsync cfr a madadin -fps_mode cfr. Wanda bai saba da baƙin allon rubuta umarni ba ya bar wannan, HandBrake ta wadatar.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa daga Jega ta ɗaga hannu a nan.

"Malam, mu da ba mu da kwamfuta hwa?"

"Hajiya, akwai dabara. Ki saka bidiyon gaba ɗaya a manhajar tacewa ta waya, irin CapCut ko KineMaster, kada ki yanke komai. Ki fitar da shi a gudun 30. Sau da yawa abin da zai fito tsayayye ne. Ki duba shi da MediaInfo, ki kalli ƙarshensa, idan murya da hoto suna tare sai ki yi yankan a kan sabon."

Kafin a danna ɗauka

Wanda ke ɗaukar fuskar kwamfuta ya yi amfani da OBS Studio. Kyauta ce ita ma, kuma tana ɗauka a gudun da ka sa mata ba tare da canzawa ba. A waya kuwa zaɓi kaɗan ne, amma ka rufe sauran manhajoji, ka kashe tsarin tattalin batir, ka cire rigar wayar idan ta yi zafi, kada kuma ka ɗauka tana kan caji. Darasi mai tsawo a raba shi gunduwa-gunduwa, minti uku ko huɗu, domin ko an samu tazara ba za ta taru ta yi yawa ba.

Sai wata ƙaramar al'ada da nake so ku ɗauka. Da ka fara ɗauka, ka ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, a kan uku ka danna wani abu da zai sauya a fuskar wayar. Kafin ka tsayar ka sake yin haka. Wurin tacewa, waɗannan alamu biyu za su gaya maka cikin minti ɗaya ko murya da hoto sun isa ƙarshe tare. Daga baya sai ka yanke su.

Aikin gida

Kowa ya ɗauki fuskar wayarsa na minti biyar, da ƙirga a farko da ƙarshe. A tsakiya ka bar shafi ɗaya tsaye na minti guda kana magana, sannan ka ja shafuka sama da ƙasa da sauri. Ka buɗe fayil ɗin da MediaInfo, ka rubuta a littafinka kalmar da ka gani a gaban "Frame rate mode" da lambobi biyu na ƙasanta, wato gudu mafi ƙanƙanta da mafi girma. Ka kuma lissafa: bidiyon minti biyar a gudun 25, firam nawa ke nan? Ranar Asabar ku zo da wayoyinku da igiyar caji, za mu gyara na kowa a kwamfutar aji. Baba ya ce zai zo da na takin.